Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ayyuka a Kan Hanyar Kano zuwa Dayi

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne daga Dayi ta ƙasar Malumfashi, domin haƙurinmu ya kai maƙura.

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai tazarar kilomita wajen 360, wadda jirgi yake cinyewa cikin kimanin sa'a guda, kuma ko daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina aka tashi, duk da ya fi nisa, abin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba. Amma mutumin Dayi da ya nufi Kano ta Gwarzo, tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba, sau da yawa sai ya ninka wannan sa'a yana bisa hanya, alhali wanda suka bar gida lokaci ɗaya, shi ya hau jirgi daga Kano, tuni ya sauka Abuja har ya yi sallar Azahar.

Tun zamanin Shugaba Buhari aka ba da kwangilar mayar da hanyar nan tagwaye, muka yi murna, muka yi addu'a. Ina alkawarin ya kwana? Wanda yake ratsa ƙasar nan ta cikin gajimare ba ya ganin inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara, ba ya ganin motar masara da ta nufi kasuwar Dawanau ta kwanta a gefe, buhuna sun fashe, mai kaya yana tsince hatsin shekara guda daga cikin ƙura. Ba ya kuma jin nishin mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibitin Kano, direba yana kaucewa ramuka, mijinta yana salati. Sa'a guda ku, ranka ya daɗe, mu kuwa sai yadda hali ya yi!



An shaide ka da himma da son ganin aiki da idonka, shi ya sa ban yanke ƙauna ba. Sai dai himmar da ba ta iso Dayi ba, mu a wurinmu labari ce, kuma shugabanci amana ce wadda za a yi hisabi a kanta ranar da babu mai ceton wani sai da izinin Allah. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano, shin ya dace a ce har yau isa Kano daga nan ya fi isa Abuja daga Kano wuya?

Ina roƙonka don girman Allah, in ka sauka Kano, ka bar jerin gwanon motoci, ka shiga motar haya ka biyo ta Gwarzo har Dayi, agogo a hannunka, sa'an nan ka yanka wa masu aikin wa'adi a bainar jama'a. In damina ta sake samun mu a haka, masu zuwa neman ƙuri'a za su ji amsarmu a bakin tasha.

Wassalam,
Wani manomi daga Dayi