Malamin ziyara ya biyo ta Kafin Maiyaki

Duk wanda ke da malamin jami'a a gidansu ya san kalmar bizitin: aikin da malami kan karɓa a wata jami'ar ban da tasa, ya riƙa leƙawa yana koyarwa ana ba shi alawus. A 'yan shekarun nan tallan irin wannan aiki ba daga Dutse ko Dutsin-Ma kaɗai yake zuwa ba. Makarantun nazarin kasuwanci na jami'o'in Ingila da Malesiya da ƙasashen Larabawa suna neman wanda zai zo ya ɗauki zango ɗaya ko biyu, malamanmu na akanta da tattalin arziki da sha'anin gudanarwa kuma suna cika takardu. Ba mu ga laifinsu ba. Mutumin da ya yi wata takwas a gida a yajin aikin ASUU na 2022, aka kuma riƙe masa albashi, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan aikin da ake biya da fam ko riyal.

Kano ta daɗe da sanin amfanin malamin da ya zo baƙunta. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya taho daga arewacin Afirka ya sauka a birnin, ya karantar, ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake riƙon jama'a, sannan ya yi gaba. Abin da muke so a lura da shi shi ne ya zauna. Ya ga mutanen da zai yi wa rubutu kafin ya ɗauki alƙalami.

Bizitin ɗin da ake yi a cikin gida yanzu ya yi hannun riga da wannan. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin jami'o'i tara, a 2013 ta ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ga na jihohi, ga masu zaman kansu da suka cika Kano. Gine-gine sun ƙaru, farfesoshi ba su ƙaru haka ba. Sai ka ga mutum ɗaya yana riƙe da aji a garuruwa uku: ya iso da yammacin Juma'a a gajiye, ya dunƙule karatun wata uku a kwana biyu, ya bar takardu a wajen mai fotokwafi, ya kama hanya. A wasu wuraren ma sunansa kawai ake so a takarda, saboda ranar da hukumar NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai. Ɗalibin da ya biya kuɗin digiri na biyu a harkar kasuwanci bai samu ko damar yin tambaya ba.

Da yawa daga cikin waɗannan malamai kan ratsa Kwanar Ɗangora a hanyarsu tsakanin Kano da Zariya, ba su taɓa tsayawa ba. Nan ne hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu, nan Kafin Maiyaki take, kuma mu a ganinmu nan ne ajin da makarantun kasuwancinmu suka rasa. Tun shekarun 1920 jami'ar Harvard ta Amurka ta yi suna da koyar da kasuwanci ta hanyar labarin kamfani na gaske: a ba ɗalibi matsalar da wani manaja ya fuskanta, a ce ya yanke shawara. Mun aro tsarin, mun aro har da labaran. Ɗan Kiru yana zaune a aji yana muhawara kan kamfanin da bai taɓa ganin kayansa ba, alhali mahaifinsa ya karɓi taki bashi da damina a kan zai biya da buhunan masara da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa. Wa ya ci riba a wannan ciniki, kuma nawa? Yaya ɗan kasuwar da ya sayi masarar Doguwa ya ajiye zuwa bazara yake lissafin kuɗin sito da ɓarnar ƙwari? Me ya sa tirela ke barin nan da kayan miliyoyi zuwa kasuwar Dawanau a kan maganar dillali kawai, babu takarda, kuma kuɗin su dawo? Masu sarrafa shinkafa na Tudun Wada da masuntan Tiga duk suna da irin nasu lissafin da ya cancanci a rubuta.

Ga kuma babban misali a maƙwabta. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda ke dogaro da gonakin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ta fara aiki a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Ba a jima ba ta tsaya. Tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a wannan shekarar, daga baya kuma aka sha samun saɓani kan farashi, domin idan kasuwa ta fi masana'anta tsoka manomi can zai kai kwandonsa. Wannan darasi ne da ya isa a yi zango guda ana tattauna shi, kuma baƙon malami daga ko'ina a duniya zai so ya sa hannu a rubuta shi.

Saboda haka muna kira ga Makarantar Nazarin Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, wadda aka miƙa mata gininta a 2018, da takwararta ta Jami'ar Ahmadu Bello, su sauya sharuɗɗan ɗaukar malamin ziyara. Ya zauna zango cikakke. A haɗa shi da ƙaramin malami na gida, su fita da ɗalibai zuwa kudancin Kano na wasu makonni, su dawo da darasi rubutacce da Turanci da Hausa, domin wanda aka ɗauki labarinsa shi ma ya karanta ya gyara musu. Hanyar samun mutanen tana nan: a 2007 NUC ta ƙaddamar da shirin LEADS na gayyato masananmu da ke ƙetare su yi aiki na ɗan lokaci a gida. Gwamnatin Kano da ta ɗauki nauyin tura ɗalibai karatu Indiya da Uganda a 2023 za ta iya ware wani abu kaɗan don kawo malami ɗaya da zai amfani aji guda a nan.

Malamanmu masu tafiya waje kuwa, a sallame su da izini a rubuce maimakon a bar su su sulale, a kuma nemi kowa ya tafi da darasi ɗaya daga kasuwanninmu ya koyar a can, ya dawo da abokin aiki.

Sauran aikin na shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ne, tare da hakimai da shugabannin kasuwa. Baƙo ba zai kwana inda ba a tanadar masa masauki ba, kuma labarin dajin Falgore yana sa mutane ɗari-ɗari, dole a ba su tabbacin tsaro. Kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Tudun Wada za ta iya ba da ɗakin karatu, sarkin kasuwa ya gabatar da ɗalibai ga dillalai. A fara da kakar bana, da ɗalibai goma da littafin rubuta farashin buhun masara kowace ranar kasuwa har zuwa faɗuwar ruwa.