SHARHI: Nawa ne ainihin kuɗin man da mota ke sha? Lissafin da allon gidan mai ba ya nunawa

A farkon watan Mayun 2023, direban da ya miƙa naira 10,000 a gidan man NNPC da ke Abuja yana samun lita 51, wato abin da zai cika tankin Toyota Corolla. Bayan jawabin da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga watan, inda ya bayyana cewa tallafin mai ya ƙare, farashin lita ya tashi daga kusan naira 195 zuwa 537, kuɗin nan suka koma sayen lita 18 da ɗoriya. A watan Yulin shekarar lita ta kai naira 617. Zuwa Oktoban 2024, lokacin da ta kai naira 1,030, dubu goman ba ta ƙara sayen lita goma cif ba.

Duk da haka, har yau yawancin masu mota a Najeriya da naira suke auna mai. "Zuba na dubu goma" ake cewa, sannan a dubi allurar mai a ga inda ta tsaya. A zamanin da gwamnati ke ƙayyade farashi, yana daɗewa bai motsa ba, wannan awo yana aiki: wanda ya san na dubu biyar yana kai shi mako guda zai iya dogara da hakan har shekara. Yanzu da farashin ke hawa da sauka gwargwadon darajar naira, da farashin ɗanyen mai, da gogayyar da ake yi tsakanin matatar Dangote da masu shigo da mai daga waje, naira ta daina zama ma'auni. Mai mota zai iya cewa nawa ya kashe a wata, amma da wuya ya iya cewa nawa kilomita ɗaya ke ci masa.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Lambobi uku yake buƙata: nisan tafiyar, yawan litar da motar ke sha a kowace kilomita 100, da farashin lita. Ana ninka nisan da yawan shan, a raba da 100, sannan a ninka da farashi. Matsalar ita ce lamba ɗaya kawai daga cikin ukun ake rubutawa a allo, ita ce kuma kaɗai ke shiga kanun labarai.

Abin da lamba ta tsakiya ke ɓoyewa

A ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Mararaba yana aiki a tsakiyar birnin Abuja, tafiyar misalin kilomita 20. Zuwa da dawowa kilomita 40 ke nan, a ranakun aiki 22 kuma kilomita 880. A ƙaddara lita naira 1,000 ce, don sauƙin lissafi. Mai karatu na iya sa farashin garinsu a madadin hakan. Idan motarsa tana shan lita 8 a kilomita 100, zai buƙaci lita 70 a wata, kusan naira 70,000. Wannan daidai yake da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kafin a kai yara makaranta ko a je kasuwa ko gaisuwar rasuwa. Idan kuwa lita 12 take sha, wanda ba abin mamaki ba ne ga tsohuwar mota a cunkoson Nyanya, kuɗin sun haura naira 105,000.

Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu naira 35,000 ce a wata. Ragin naira 20 a kan lita, irin wanda kan jawo dogon layi a gidan mai, bai wuce naira 2,000 da ɗan ɗoriya ba a wata ga wannan ma'aikaci. Wato lambar da ba ya kula da ita ta fi wadda yake zagaya gari dominta nauyi sau goma sha wani abu.

Daga ina zai samo ta? A Amurka, inda da yawa daga cikin motocin da ke kan titunan Najeriya suka fara rayuwa, doka ta tilasta manna wa sabuwar mota takardar da ke nuna yawan man da take sha. Mai sayen mota 'yar Kwatano a Kano ko Kaduna ba ya samun irin wannan takarda. Abin da yake samu shi ne maganar dillali cewa motar "ba ta shan mai". Idan ya nemi alƙaluman a intanet, zai tarar da su a mil da galan na Amurka. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, ba lita huɗun da 'yan bumburutu ke kira galan ba, mil kuma kilomita 1.609 ce. Hanyar juyawa ita ce a raba 235 da adadin mil a galan: motar da aka rubuta mata mil 30 a galan tana shan kusan lita 7.8 a kilomita 100.

Ko an juya daidai, wannan adadi na sabuwar mota ne da aka gwada a ɗakin gwaji. Wadda ta yi shekara goma sha biyar, ta ƙetare teku, ta ratsa hannun makanikai da dama, wata motar ce daban.

Awon da za a iya dogara da shi guda ɗaya ne, kuma mai motar ne zai yi shi. Ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar da mitar tafiya ke nunawa, ya ci gaba da harkokinsa yadda ya saba. Bayan kwanaki ya koma gidan man nan, in zai yiwu famfon nan, ya sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce motar ta sha a tsakanin. Sai ya raba ta da kilomitocin da ya yi, ya ninka da 100. Gwaji ɗaya na iya yaudara; uku ko huɗu sun isa su ba da matsakaici.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, cika tanki sau biyu a jere ya zama abin da ba kowa ke iyawa ba, domin tankin Camry na lita 70 yana cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Wanda ba zai iya ba, sai ya riƙa rubuta litar da ya sha duk lokacin da ya shiga gidan mai har tsawon wata guda, ya fara ya kuma ƙare a lokacin da allura ke wuri ɗaya. Tarko na biyu shi ne mitar motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka mil take ƙirgawa. Direban da mitarsa ta nuna 200, ya sha lita 28, zai ɗauka motarsa na shan lita 14 a kilomita 100. Alhali kilomita 322 ya yi, shan motar kuma lita 8.7 ne. Irin wannan kuskure ya isa ya sa mutum ya kai lafiyayyar mota wajen makanike.

Zafi, cunkoso da aikin makanikai

Shan mai ba lamba ba ce tsayayya, kuma yanayin Najeriya yana tura ta sama ta kusan kowace fuska. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a tsananin zafi, na'urar sanyaya mota na iya rage nisan da lita ke kaiwa da fiye da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya auna motarsa a sanyin Disamba, gilashi a buɗe, bai kamata ya yi amfani da wannan adadi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba. Injin mai girman lita 1.8 da aka bari yana aiki a tsaye yana ƙona kusan lita ɗaya a sa'a, ba tare da mitar tafiya ta motsa ba. Wanda ke shafe sa'a guda a cunkoso kullum ya yi asarar wajen lita 20 a wata da babu kilomita ko ɗaya a bayansu.

A kan babbar hanya kuma gudu ne ke ci. Da zarar an haura kilomita 80 zuwa 90 a sa'a, turjiyar iska na ƙaruwa da sauri, kayan da aka ɗaure a saman mota kuma suna ninka ta. Direban haya da ke tsala gudun 140 don ya samu yin sawu biyu a rana yana biyan wani ɓangare na sawu na biyun a gidan mai.

Sai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejin makanikai: cire tamostat daga injin da haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa an ƙera motar ne don ƙasashen sanyi. Aikin tamostat shi ne riƙe injin a zafin da aka tsara masa. Idan aka cire shi, injin kan daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfutar motar kuma takan ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi. A da, da lita ba ta kai naira 200 ba, ba wanda ya damu da wannan asara. Haka lamarin yake ga tsofaffin fulogi, da na'urar auna iskar salansa da ta mutu aka bar fitilar gargaɗi tana ci shekara da shekaru, da tayoyin da mai faci ya auna da bugun hannu.

Farashi ma ba ɗaya ba ne

Lamba ta uku, wadda ake ganin kowa ya sani, ita ma tana da nata ruɗani. A ƙarƙashin tsohon tsari, akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai daga kudu zuwa arewa domin lita ta zama kuɗi ɗaya a ko'ina, aƙalla a takarda. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 da janye tallafi sun kawo ƙarshen wannan. Jadawalin farko da NNPC ya fitar bayan jawabin Tinubu ya sa lita naira 488 a Legas, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. A Satumban 2024, da aka fara ɗaukar fetur daga matatar Dangote da ke Lekki, kamfanin ya ƙiyasta naira 950 a Legas da 1,019 a Borno. Muddin tankar mai za ta yi tafiyar kilomita dubu kafin ta isa Kano, direban arewa zai ci gaba da biyan kuɗin hanyar. Mai doguwar tafiya sai ya yi lissafi da farashin inda zai sha mai, ba na inda ya taso ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne famfon da aka taɓa. Hukumar NMDPRA, kamar DPR da ta gada, takan sanar da rufe gidajen mai saboda tauye mudu, abin da ke nuna cewa matsalar ba jita-jita ba ce. Idan famfo ya nuna lita 10 amma 9 ya zuba, man da aka rubuta naira 980 a allo ya koma naira 1,089 a zahiri, ya fi na maƙwabcin da ke sayarwa 1,020 da cikakken awo tsada. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin lambar ƙaryar tana shiga lissafin direban, ta sa motarsa ta zama kamar ta fi shan mai da kashi 11 cikin ɗari. Jarka mai sananniyar lita ita ce kawai hanyar da talaka ke da ita ta gwada famfo, kuma a lokutan ƙarancin mai akan hana sayarwa a jarka.

Inda rashin lissafin ke zama rigima

Daga Abuja zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 430 ce. Ƙaramar mota mai shan lita 7.5 za ta buƙaci lita 32. Sienna ta haya mai cike da fasinja da kaya, idan aka ba ta lita 12, za ta sha wajen 52, wato naira 52,000 a farashin misalin nan. Aka raba wa fasinjoji bakwai, kowa ya ɗauki kusan naira 7,400 na mai kaɗai. Abin da ya hau kan wannan a kuɗin mota shi ne kuɗin tasha da na kamasho, da balas ɗin mai mota, da baƙin mai da taya, da abin da ake bari a shingayen hanya, da kuma haɗarin dawowa da kujeru babu kowa.

Wannan rabe-rabe yana bayyana abin da fasinjoji ke yawan ƙorafi a kai. Idan lita ta sauka da naira 100, abin da ya ragu a kan kowace kujera bai kai naira 750 ba, don haka direba na da hujjar cewa ragin bai kai a gani ba. Amma hujjar takobi ce mai kaifi biyu: idan lita ta hau da naira 100, ƙarin da ya halatta a kan kujera shi ma bai kai naira 750 ba. Duk ƙarin da ya zarce haka da sunan tsadar mai yana buƙatar wani bayanin daban, kuma ba kasafai ake neman sa daga shugabannin tasha ba.

Irin wannan taƙaddama ce ke faruwa tsakanin maigida da direbansa, ko ofis da direbobinsa. Ana ba da kuɗin mai a dunƙule, man ya ƙare kafin lokacin da aka zata, sai zargi ya faɗa kan wanda ke riƙe da sitiyari. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci kuma zafin Afrilu ne da cunkoso da famfon da aka taɓa. Ba tare da littafin da ake rubuta kilomita da lita ba, babu hanyar rarrabewa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke rasa aikinsa.

A ma'aikatun gwamnati abin ya fi girma. Kasafin kuɗin tarayya da na jihohi na ɗauke da layin kuɗin man motoci ga ma'aikatu da hukumomi, an rubuta shi da naira. Takardun kasafin da ake wallafawa ba sa nuna motoci nawa ne za su sha man, ko kilomita nawa ake sa ran za su yi. Ɗan majalisar da ke son sanin ko adadin ya dace yana buƙatar waɗannan lambobi biyu, da farashin litar da aka yi lissafin da shi, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman su a rubuce daga hukumomin tarayya, tare da wa'adin kwana bakwai na ba da amsa.