Kada A Binne Uwa Tare Da Saninta

'Yan'uwa manoma, ku lura da abin da akan faɗa a majami'unmu sa'ad da wata dattijuwa ta rasu. Mai jawabi yakan tashi ya ce marigayiya mai haƙuri ce, mai biyayya ga mijinta, ba ta da abokin faɗa, ba ta fashin sujada. Jama'a su ce Amin, a kai ta makwancinta, a dawo a yi gaisuwa, kowa ya kama gabansa. Duk wannan gaskiya ne, shaida ce kuwa mai kyau. Amma da za a tambayi yaran da suka zo jana'izar me tsohuwar nan ta yi cikin shekara sittin ko saba'in da Allah ya ba ta, ba abin da za su iya faɗa sai dai ta yi haƙuri. A ganinmu wannan bai isa ba. Macen da ta riƙe gida ta yi aiki, aikin kuwa yana da suna, yana da lissafi. Idan ba a faɗe shi ba, ba a kuma koya wa na baya ba, to, an binne shi tare da ita, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa su ne za su yi hasara.

Ku dubi yadda ake riƙe sunaye a ƙasar nan tamu. Garin Ƙaura yana ɗauke da sunan Namoda, mayaƙin nan na zamanin jihadi a farkon ƙarni na 19. An san shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙaura Namoda, watau 1929. An san gyaɗa da auduga da fatu da jirgin ya yi ta kwasa zuwa kudu. Amma wa ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikin matan da suka ɓare gyaɗar nan suka sheƙe ta? Fatar jar akuya ta yi suna har ƙasashen Turai, amma wadda ta yi kiwon akuyar a bayan ɗaki, da dusa da harawa da ruwan tsari, ba ta cikin littafin kowa.

Akwai mace guda wadda aka zauna aka saurare ta, ga kuwa abin da ya fito. Sunanta Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau. An haife ta wajen 1877. Musulma ce, ba 'yar sarauta ba, ba ta kuma yi karatun boko ba. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi kamar ita ta haife su. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yanzu kuwa masu nazarin tarihin ƙasar Hausa suna komawa gare shi. A ciki akwai yadda ake noman gandu, yadda mata ke kaɗi da sana'a a cikin gida, yadda ake aure da goyo da riƙo, yadda ƙawaye ke yi wa juna biki, da yadda mutane suka yi ta fama da masu kamun bayi kafin zuwan Turawa. Abubuwa da yawa da tarihin sarakuna ya tsallake, a bakin wannan tsohuwa aka same su.

Baba ba ta fi tsofaffin Moriki ko Dauran ko Kurya ko Badarawa sani ba. Abin da ya raba ta da su shi ne, wata ta ɗauki fensir ta zauna a gabanta tun tana da rai. Wannan ɗabi'a kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin ta'aziyya ga mata, tana ambaton su da suna tana faɗar halinsu da hidimarsu. Mu ma muna da misali a Ayyukan Manzanni sura 9. Da Dokas ta rasu a Yafa, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus shi ne tufafin da ta ɗinka da hannunta. Macen da aka yaba a sura ta 31 ta littafin Karin Magana kuwa, mai sayen gona ce, mai kaɗi, mai saƙa, mai ciniki. Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar lasafta aikin mace ba.

To, bari mu lasafta na iyayenmu. Ita ce ke dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfe ta, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, ta kirɓa ta shanya, a sami daddawar da za ta kai wata da watanni. Inda ɗorawa ta yi wuya, sai ta yi ta batso da 'ya'yan yakuwa. Ita ce ke soya gyaɗa ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, tunkuza ma ba ta zubarwa. Da kaka takan yanka kuɓewa ta shanya, ta tara kuka da rama da barkono, domin miya kada ta yanke da bazara. Takan cuɗa wake da toka don kada ƙwari su ci. Ta san hocen da zai kwana uku a jakar matafiyi bai lalace ba. Ta iya sabulun salo, ta iya faifai da tabarma, ta iya daɓen ɗaki. A ƙullin zanenta akwai kuɗin adashi, a bayan ɗakinta akwai akuya, ita ce asusun gida ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka kore shi don kuɗin makaranta. Sau da yawa kuma irin kuɓewa da kabewa da riɗi da ake shukawa a gidan, a gorarta yake kwana. Duk wannan dabara ce, ba ta zo da ka ba. Ta koya a wurin uwarta, ta gwada, ta ƙara nata.

Dattawanmu sun san ranar da wannan sani ya yi amfani. Fari na 1973 da 1974 ya ƙone hatsi, a 1975 kuma annobar da darɓa ta yaɗa ta lalata gyaɗa a duk Arewa, kuɗin kaka ya gagara. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarun nan mata ne suka san yadda za a haɗa tafasa da zogale da ɗan gari kaɗan a ci da yara goma, su ne suka sayar da awaki da kwanonin jerensu aka auno hatsi. Maza da yawa sun tafi cin rani, suka dawo suka tarar da gida a tsaye.

Yau kuma ga wata masifa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura. An bar gonakin nesa, a wasu ƙauyuka sai an biya kuɗi kafin a yi girbi, iyalai da yawa sun yi gudun hijira zuwa cikin gari. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya na wani lokaci, masu ƙuli-ƙuli da daddawa da ke dogara ga kasuwar Alhamis ta Shinkafi suka rasa inda za su kai kayansu. A watan Yuni na 2024 likitocin ƙungiyar MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. Yaron da tamowa ta riga ta kama, asibiti ne maganinsa, kada a tsaya jinkiri. Amma kunun gero mai garin gyaɗa ko waken soya, da miyar ganye, suna cikin abin da ke tsare yaro tun bai kai can ba, wannan kuwa sanin iyaye mata ne. Ga inda haɗarin yake: dā yarinya takan koyi sana'a a gindin turmi kusa da kakarta. Yanzu kaka tana wani gari, jika tana wani, wata kakar ma ta rasu a hanya. Igiyar da ta ɗaure uwa da 'ya tana tsinkewa a idonmu, gwauraye kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Mun san wasu za su ce yabo na Allah ne, ladar mace tana sama, yawan ambaton aikinta fahariya ne. Amsarmu ita ce, faɗar abin da Allah ya yi ta hannun baiwarsa godiya ce gare shi, kuma darasi ne ga masu rai. Wasu kuma za su ce idan aka rubuta sunan mace dabam da na mijinta a littafin ƙungiya, an raba gida biyu. Amma tun kaka da kakanni macen Bahaushe tana da akuyarta da jarinta, wata ma da gayaunarta, miji bai taɓa ganin wannan raini ba ne. Abin da ke raba gida shi ne ranar da maigida ya faɗi, matarsa ta zo wurin ƙungiya aka duba littafi ba a ga sunanta ba, dangin miji kuma suka ɗauke rabon taki da hatsin ajiya, ita da marayu suka koma hannu rabbana. Wadda ta yi shekara talatin tana kai abinci gona bai kamata ta zama baƙuwa a ƙofar ma'aji ba.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta yi shawara a kan abu huɗu a taronta na gaba.

Na fari, a rubuta kowace mace mai noma ko kiwo ko sana'a da sunanta, ta biya nata kuɗin shiga, ta sami nata rabon taki da iri da rance, ta kuma yi magana a taro.

Na biyu, a rubuta a cikin dokokin ƙungiya cewa idan ɗan ƙungiya ya rasu, hannun jarinsa da ajiyarsa za su koma ga matarsa da 'ya'yansa. A karanta wannan a gaban kowa tun ana lafiya, fasto da dattawa su shaida.

Na uku, Zumuntar Mata ta zaɓi 'yan mata biyu masu iya rubutu, a saya musu littafi da biro, su riƙa ziyartar tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Su tambayi inda aka haife ta, irin yunwar da ta gani da yadda ta fita, sana'ar da ta iya da yadda ake yin ta daki daki. Su karɓi ɗan irin da take ajiyewa a shuka a gonar ƙungiya. A fara da waɗanda suka yi gudun hijira, kada kuma a tsallake maƙwabtanmu Musulmi da suka yarda, gama yunwa ba ta tambayar addini, mun kuwa sha daga rijiya ɗaya. Sabuwar dabara ma a haɗa ta da tsohuwa: wadda ta san toka ta koyi buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, ta kuma koya wa yara abin da za su yi ranar da buhun bai samu ba.

Na huɗu, ranar da Ubangiji ya kira ɗaya daga cikinsu, a buɗe littafin nan a karanta. A faɗi yara nawa ta goya, nata da na riƙo, 'yan mata nawa ta koya wa sana'a, baƙi nawa suka ci tuwonta. Sa'an nan a faɗi haƙurinta, jama'a za su gane abin da ta yi haƙuri a kansa.

Ba a bukatar izni daga Gusau ko Abuja kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗinsu kuwa bai kai na buhun taki guda ba. Abin da ba mu da shi da yawa shi ne lokaci, gama kowace shekara tsofaffin suna raguwa. Magatakardan ƙungiyoyi, ku sa wannan magana a kan takardar taro kafin ayyukan gona su sha kanku. Ku kuma iyayenmu mata, idan yaran nan suka yi sallama da littafi a hannu, kada ku ce ba ku san kome ba. Ku shimfiɗa musu tabarma.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ta'azantar da gwauraye da marayu, ya kawo salama a ƙasar Zamfara. Amin.