Fasfon N100,000: wa aka rufe wa ƙofa a Kano ta Kudu?

Tun daga ranar 1 ga Satumban 2025, duk mai neman ƙaramin fasfo mai shafi 32, wanda ke aiki shekara biyar, sai ya biya Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa N100,000. Babban mai shafi 64 na shekara goma ya koma N200,000. A Satumban 2024 ne aka ɗaga kuɗin ƙaramin daga N35,000 zuwa N50,000. Ke nan cikin shekara guda kuɗin ya kusa ninkawa uku.

Masu kare ƙarin kan ce wanda zai iya hawa jirgi ba zai rasa kuɗin fasfo ba. Mai wannan magana bai san masu neman fasfo a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba. Ban da maniyyata aikin Hajji da Umara, akwai birkila da direba da tela da ke son zuwa Saudiyya neman aiki, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a waje. Ba masu kuɗi ba ne, neman kuɗin ne zai fitar da su. Ci-rani tsohuwar al'ada ce a yankin, domin ba kowa ke da gona a inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa ba, kuma da an cire masara da shinkafa sai samari su fara lissafin inda za su dosa.

Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano N71,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci ko da ya ɗauki albashinsa na wata gaba ɗaya, bai ci ba bai sha ba, ba zai sayi fasfo ba. Kuma N100,000 ɗin ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai gyaran NIN idan suna ko ranar haihuwa ta saɓa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ladan mai kafe da zai cike fom a intanet. Mutumin Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore, ya yi tafiyar sa'o'i zuwa ofishin fasfo don a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan ya sake komawa karɓa. Duk wannan ba a zo kan biza da gwajin asibiti da tikiti ba.

Tsadar takardun tafiya ba a Najeriya kaɗai take ba. A Fabrairun 2024 Birtaniya ta ɗaga kuɗin kula da lafiya da baƙi ke biya daga fam 624 zuwa fam 1,035 a shekara. A Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sababbin masu neman bizar aiki ta H-1B a Amurka. Waɗancan ƙasashe ba su ɓoye manufarsu ba, so suke baƙi su ragu. To Najeriya fa, wa take son ragewa, tunda 'ya'yanta take sayar wa shaidar cewa su nata ne?

Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya yi alƙawarin fasfo zai riƙa fitowa cikin mako guda, hukumar kuma ta ce ƙarin na kare ingancin takardar ne. Saurin aiki abin so ne, idan ya raba jama'a da 'yan kamasho ma ya fi. Sai dai 'yan Najeriya mazauna waje suna nan a kan dala 150, ba a ƙara musu ko sisi ba. Na gida, mai samun Naira, shi aka ninka wa.

Wanda ya kasa biya ba fasa tafiyar yake yi ba. Ko ya faɗa hannun ejan da zai biya masa komai, ya riƙe fasfon, ya bar shi da bashin da zai daɗe yana yi wa bauta, ko ya bi ta Zinder zuwa Agadez, inda direban hamada ba ya tambayar takarda. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

Yankin yana da masu faɗa a ji a majalisa: Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji, Alhassan Ado Doguwa na Tudun Wada da Doguwa, da Sanata Kawu Sumaila. Ya kamata su sa hukumar ta bayyana nawa take kashewa a kan kowane fasfo, su kuma nemi rangwame ga ɗalibai da masu karɓa a karon farko. Abin da ya fi sauƙi, wanda ba sai an taɓa doka ba, shi ne a riƙa kawo na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsa garin Tudun Wada ko Kwanar Dangora, ko da sau ɗaya ne a wata.