FILIN MAHARBA: Bahago da bindiga mai sakata

Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, an sayar da riɗi da wake. A irin wannan lokaci ne maharba ke ɗauko bindigoginsu su share, wanda ba shi da ita kuma ya fara lissafin saye. A watan jiya filin nan ya yi magana bisa ajiyar albarushi nesa da yara da murhu. A wannan wata maganar ta bahago ce. Masu bincike sun ce cikin mutum 10 ana samun kamar bahago 1. Ke nan babu ƙungiyar maharba, daga Bande har Dogo-Dogo, da ba ta da nata.

A wani ƙauye na ƙasar Waca an yi wani saurayi bahago, ɗan gidan maharba. Tun yana yaro ake buge masa hannu in ya miƙa hagu, har ya koyi yin komi da dama a gaban mutane. Da ya fara bin daji sai ya riƙa aza bindiga a kafaɗar dama kamar kowa. Shekara biyu yana harbi yana kuskure. Zabin daji su tashi gabansa, ya harba, ko gashi ba ya faɗuwa. Wasu suka ce an ɗaure masa bindiga. Ya sha rubutu, ya yi turare, abin bai sake ba. Daga nan ya ce laifin bindigar toka ne. Ya sayar da awaki, ya haɗa da kuɗin riɗi, ya ce zai sayi karabin mai sakata irin wadda ya taɓa gani hannun wani baƙo. Kafin ya tafi sai ya biya wurin Sarkin Baka neman albarka.

Tsohon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce: «Yaro, ajiye kuɗinka tukuna. Miƙe hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar ƴar kafa a tsakiya. Dubi gawon can ta cikin kafar, idanunka biyu a buɗe.» Saurayin ya duba. Tsohon ya ce ya rufe idon hagu. Saurayin ya ce: «Baba, gawon ya gudu.» Ya ce ya buɗe, ya rufe na dama. Ya ce: «Baba, ga shi nan bai motsa ba.» Sarkin Baka ya yi dariya ya ce: «Babu wanda ya ɗaure maka bindiga. Kafaɗarka ta dama ce ke riƙo, idonka na hagu ne ke auna. Ina za su haɗu?»

Ido ne ke zaɓen kafaɗa

Abin da tsohon ya gwada gaskiya ne, likitocin ido ma sun san shi. Yawancin mutane suna da ido guda da ke jagora, ɗayan yana bi. Idon da abu bai motsa ba sa'ad da aka bar shi kaɗai a buɗe, shi ne jagora. Wanda ya aza bindiga a kafaɗar dama alhali idon hagu ne jagoransa, harbinsa zai riƙa faɗawa hagu da abin da ya auna. Ba kowane bahago ne ke da jagoran hagu ba, kuma akwai na-dama da yawa da idonsu na hagu ne jagora ba su sani ba. Don haka kafin a yi maganar bindiga, a fara gwada ido. Gwajin ba ya cin ko dala. In jagora na dama ne, bahago ya koyi harbi a kafaɗar dama, ya sayi bindigar kowa, maganarsa ta ƙare. In jagora na hagu ne, kafaɗar hagu ce tasa, kuma sauran bayanin nan nasa ne.

Ci da sha da gaisuwa da hannun dama ake yi, wannan ladabi ne da addini ya koyar. Amma kafaɗar da aka aza bindiga ba ta cikin wannan. Babu abin kunya ga maharbi ya harba ta hagu.

Yadda sakata ke aiki

Ana ce mata mai sakata don tana aiki kamar sakatar ƙofa. A ɗaga ɗan hannun ƙarfen sama, a ja baya, kwanson harsashin da aka harba ya fita. A tura gaba, sabon harsashi ya shiga, a danne ƙasa ya kulle. Wadda ta yi suna a duniya ita ce Mauser ta Jamus, ta shekarar 1898. Faransa ta yi tata, MAS 36, a garin Santetiyan a 1936, mai cin harsashi 5. Tsofaffin sojan Faransa sun san ta. An ƙera su ne don soja, kuma soja kowa ta dama ake koya masa. Shi ya sa hannun sakatar yana dama, kafar fitar kwanso ma tana dama.

In bahago ya aza irin wannan a kafaɗar hagu, matsala uku ke jiransa. Ta ɗaya, bayan kowane harbi sai ya sauke bindigar, ko ya tsallaka da hannun hagu ta samanta ya kamo sakata, ko kuma ya saki gabanta ya ja da dama. Kafin ya gama, abin harbin ya shige sabara. Ta biyu, kwanson yana fitowa da zafi, kuma ta gaban fuskarsa zai wuce. Ta uku ita ce babba. Wani lokaci harsashi, musamman tsoho da ya sha ajiya, yakan tsage a ciki. Maƙeran bindiga sun yi ta ne yadda yawancin wuta da hayaƙi za su fita ta dama, nesa da fuskar na-dama. Fuskar bahago kuwa a nan take. Abin da ke tsare idon wani, shi ke iya ɗauke nasa.

Bindigar toka ma haka take. Wurin da wuta ke kamawa yana gefen dama. Bahagon da ya harba ta a kafaɗar hagu, tartsatsi a gefen kuncinsa yake tashi.

Akwai ta bahago

Masu ƙera bindiga sun daɗe da gane wannan. A Amurka, kamfanin Savage ya fitar da samfurinsa mai lamba 110 a 1958, a 1959 kuma ya fitar da na bahago. Daga baya wasu suka bi, kamar Remington ta Amurka da Tikka ta ƙasar Finlan. A irin wannan, hannun sakata yana hagu, kwanso yana fita ta hagu. Sai dai kaɗan ake ƙerawa, samunta yana da wuya, kuma in wani ƙarfe ya karye, na ta-dama ba lalle ya shiga ba. Ranar da aka so sayarwa kuma, cikin masu saye 10 mutum 1 ne ke buƙatarta. Wanda ya nace sai mai sakata, ya nemi ta bahago ta hannun mai sayarwa da hukuma ta sani, ko da zai yi jira. Kada ya sayi ta dama don ita ya samu, ya ce hannu zai saba. Hannu yana sabawa, ido ba ya tofowa.

Wace ce ta dace da dajin Magarya da Dungas

Kafin a kai ga nan ma, akwai tambayar da ya kamata maharbi ya yi wa kansa: me zai harba, kuma a ina? Ƙasar Magarya da ta Dungas, wadda aka ba ta gundumarta a 2011, suna cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Nijar. Gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye. A fadamun Korama akwai masu rake da masu lambu, a ƙarƙashin gawo akwai yara masu kiwo, a cikin sabara akwai mata masu itace. Harsashin karabin ƙwaya ɗaya ne, kuma in ya kuskure ba ya tsayawa. Ƙaramin, mai lamba 22, yana iya wuce kilomita 1 da rabi. Babban yana wuce kilomita 3. Wanda ya harbi zomo a bayan gari da irin wannan bai san inda harsashinsa zai kwana ba.

Naman da ya rage a nan kuwa ƙanana ne: zabin daji, fakara, zomo, da agwagin ruwa a tabkuna. Waɗannan aikin bindiga mai karyawa ne, lamba 12, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Tana kamawa a mita 30 zuwa 40, ƙwayoyin kuma suna zubewa ƙasa cikin mita 300. Irin su Simplex ta Faransa da Baikal ta Rasha masu baki ɗaya, ƙarfen buɗe su yana ƙasa, a tsakiya, kuma kwanso ta baya yake fita. Ba ruwansu da dama ko hagu. Ga bahagon ƙasar nan, wannan ta fi sauƙin samu, ta fi sauƙin gyara, ta fi kwanciyar hankali.

Maganar doka

Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ce ba a farauta sai da takardar izini. Ta hana harbi da dare da fitila, da bin nama da mota, da sa wa daji wuta, da guba, da makaman yaƙi. Lokacin buɗe farauta da rufewa hukuma ce ke faɗi, ana tambaya wurin ma'aikatan gandun daji. Takardar riƙe bindiga dabam take da ta farauta, kowace sai an nema. MAS 36 da ƴan uwanta makaman yaƙi ne. Duk wanda ya zo da irinta a ɓoye cikin buhu ta kan iyaka ya ce arha ce, ba bindiga yake sayarwa ba, gidan kaso yake sayarwa. Arha ba ta ado.

Abin da bahago zai duba ranar saye

Na ɗaya, ya tabbata babu harsashi a ciki, sa'an nan ya rufe ido, ya aza ta a kafaɗar hagu, ya buɗe. In idon hagu ya faɗa daidai bisa tsawon bakin, ta dace da shi.

Na biyu, ya dubi icen gindinta daga baya. Wasu an ɗan karkata su don kafaɗar dama, wasu an yi musu tudun kunci a gefe guda. Bahago ya nemi madaidaiciya.

Na uku, ya taɓa makullin da ke hana kunama tashi. In yana sama a tsakiya, kowane hannu yana kai masa. In na gefe ne, ya gwada ko zai iya buɗewa da rufewa ba tare da ya saki riƙo ba.

Na huɗu, ya karɓi takardar saye mai lambar bindigar a rubuce, ya karanta da kansa, ko ya sa wanda ya yi karatun manya ya karanta masa.

Saurayin ƙasar Waca ya bi shawarar Sarkin Baka. Ya bar maganar karabin, ya nemi takardunsa, ya sayi mai karyawa. Sati uku yana auna tsohuwar ƙwarya a gindin tudu, a kafaɗar hagu, tsohon yana zaune yana kallo. Ranar da ya fara kawo zabi biyu gida, ɗaya ya kai wa tsohon. Ragowar kuɗin kuma ya mayar da akuya guda cikin garke.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi magana bisa tsallake shinge da hawan keke da bindiga a hannu. Allah ya kiyaye maharba, ya kiyaye na bayan sabara.