HAWAN BAGZAN: A ƘIDAYA RIJIYOYI KAFIN A ƘIDAYA KILOMITOCI

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ya san Abzin ko da bai taɓa taka ta ba. Ya san ta da kantun gishiri da dabinon da ayarin raƙuma ke saukowa da su, ya san ta da albasa da tafarnuwa da dankalin turawa na wajen Tabelot, ya kuma san ta da lemun Timiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin hanyar da kayan nan ke biyowa kafin su hau mota. Wani sashe nasu daga bisa Bagzan yake saukowa a kan jakuna, ta matsattsun hanyoyi tsakanin duwatsu, inda ƙafa ce motar mutum kwana da kwanaki.

Bagzan babban tudun dutse ne arewa maso gabas da Agadas, bisa kansa akwai ƙauyuka da garake da idanun ruwa. Can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasar Nijar take, wato Idukal-n-Tagas, mai mita 2,022. A shekarun 1980, anasara ƴan yawon buɗe ido kan zo su hau shi da ƙafa, su zagaya, su sauko cikin mako guda ko fiye. Amma ba su kaɗai hanyar ke kira ba. Akwai malamin lakwal da aka tura ƙauye, da ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi, da ɗan kasuwa mai son sayen albasa tun daga bakin garka, da samarin birni masu marmarin ganin ƙasarsu. Dukansu magana guda ta shafe su: a wannan tafiya ba ƙarfin ƙafa ke maido mutum gida ba, lissafin ruwa ne da biyayya ga wanda ya san hanya.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Kowace shekara, bayan saukar damina, ayarin gishiri kan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita, mafi yawanta a ƙasa. Jagoran ayarin, su kansu Abzinawa da sunan Hausa suke kiran shi: madugu. Madugu ba ya cewa saura kilomita kaza, sai dai ya ce saura kwana kaza a kai rijiya. Yakan sa a ajiye daurin ciyawa bisa hanya tun wajen tafiya domin raƙuma su tarar wajen dawowa. Wato tun kafin ya isa, komowa yake tunani. Mai niyyar hawan Bagzan, da wannan hankali ya kamata ya fita.

Ga yadda lissafin yake. Mutumin da ke tafiya yini guda cikin duwatsu, ko da lokacin sanyi ne, kada ya yi wa kansa tanadin ƙasa da lita 5, ban da na dahuwa da shayi. Lita guda kilo guda ce. Mutum huɗu a tafiyar kwana uku ba tare da rijiya ba, lita 60 ke nan, nauyin da ya wuce buhun shinkafa, wanda ba mai hawan dutse da shi a ka. Don haka jaki ko raƙumi ba ado ba ne, shi ne mai ɗaukar rai. A raba ruwan cikin jarkoki da salka da yawa, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka, a kuma ware na kwana guda wanda ba a taɓawa. Idon ruwan da aka sha bara yana iya ƙafewa bana, saboda haka labarin rijiya ga wanda ya baro ta cikin makon nan ake tambayarsa. Ruwan tafkin dutse kuwa, komi haskensa, dabbobi sun sha, a tafasa shi kafin a kai baki. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jikinsa ne ke gaya masa an fara cin bashi.

Sai batun jagora. An ce baƙo ko da ido makaho ne, a cikin dutse kuwa makantar ta fi tsanani, don kowane kwari kama yake da ɗan'uwansa. A nemi jagora ɗan wurin ta hannun mai gari ko ma'aikatar magajin gari, a yanke ladansa da na jakunansa tun a ƙasa, kada a bar ciniki sai an hau. Na'urar GPS tana nuna inda mutum yake, amma ba ta sanin wace rijiya ta rufta, ko wane dutse ya zubo ya toshe mashiga. Wayar salula ba ta da layi a wurare da dama, baturinta kuma sanyi na cinye shi. In jagora ya ce a yada zango alhali rana na sama, a yada. In ya ce a juya, a juya, ko da ƙololuwar na gaban ido. Mai muƙami ya bar muƙaminsa a gindin dutse. Can bisa, jagora ne babba. Ayari kuma da saurin mafi rauni yake tafiya, ba a barin kowa baya, ba a barin kowa ya wuce gaba shi kaɗai.

Lokacin tafiya shi ma sai an zaɓa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, sai dai mutumin kudu ya sani sanyin can ba irin hunturun Maraɗi ba ne. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6, a watan Janairu kuwa ruwa na iya daskarewa da dare bisa tudu. Bargo mai kauri da rawani da safa wajibi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Agadas kan haura digiri 40, tafiyar ƙafa a lokacin sayar da rai ce. Damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, tana da nata tarko. Yashin ƙorama yana da laushi da daɗin kwana, amma ruwan da aka yi can nesa bisa duwatsu yakan taho cikin dare, alhali inda mutum yake ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, sa'ad da ƙoramar Telwa ta cika ta shiga gari ta rushe dubban gidaje. Abin da ya ci gidan ƙasa, tabarmar matafiyi ba ta tsaya masa. A kwana bisa gaɓa, can sama da alamar da ruwa ya bari.

Game da jiki, ƙananan abubuwa ke kada babban mutum. Sabon takalmi ba a gwada shi kan dutse, a tafi da wanda ƙafa ta saba da shi, a kakkaɓe shi kowace safiya saboda kunama. Guzurin Abzinawa ya isa abin koyi: garin gero da dabino da cuku, a dama da ruwa, ba nauyi, ba ya lalacewa, yana riƙe ciki. In zawo ya kama wani, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, ya riƙa kurɓa. Wanda rana ta buga har ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi ana yi masa fifita. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafar tamau. A hana ta motsi, a aza shi bisa jaki a nufi asibiti mafi kusa, don allurar dafi ce magani.

Saura maganar tsaro, wadda ba a yi mata kara. Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ta sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi bisa wasu hanyoyi. A 2010 an sace ma'aikata baƙi a Arlit, a 2025 kuma an sace wasu mata biyu ƴan Turai cikin garin Agadas. Saboda haka kafin a ɗaura kaya, a je wajen jandarmomi da hukumar gari a ji halin da hanya ke ciki a makon, a bi abin da suka ce, ko da cewa suka yi a fasa. Sa'an nan a bar takarda hannun wani amintacce: sunayen matafiya, sunan jagora, zangon kowane dare, ranar dawowa, da ranar da in ta wuce ba labari za a tashi neman su.

Wanda ke ganin wannan tsanantawa ce, ya tuna da watan Oktoba na 2013. Ba cikin dutse abin ya faru ba, cikin hamada ne arewa da Arlit, amma ƙishirwa ɗaya ce. Motoci suka lalace da mutane bisa hanyar Aljeriya, ruwa ya ƙare, suka bazu da ƙafa suna neman rijiya. Gawa 92 aka tarar a warwatse, akasarinsu mata da yara, da yawa daga wajen Kance cikin jihar Damagaram. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku.

Bagzan wuri ne da ya cancanci ɗan Nijar ya gani da idonsa, ya sha shayi cikin garakensa, ya san inda albasar da yake sayarwa ta fito. Sai dai dutse ba ya gudu. Wanda bai samu jagora ba, ko lissafin ruwansa bai cika ba, ko hukuma ta ce ya dakata, to ya dakata, baɗi ma shekara ce. Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su ga iyalansu.