Wurin da aka ƙidaya a Tasawa ya fi ɗan ludo na roba daraja

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane, manya masu gemu da sana'a, waɗanda ke kashe kuɗinsu wajen tara ƴan ƙananan ƙwayoyin jifa irin wanda ake jefawa a wasan ludo. Suna zaɓensu kamar yadda mai doki ke zaɓen sirdi: na ƙarfe, na dutse, na ƙashi, na katako, mai fuska 4, mai 6, mai 8, mai 10, mai 12, har da mai fuska 20. Abin ya samo ƙarfi tun daga shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. A irin wannan wasa ana zama ne a kewaye da tebur, mutum ɗaya ya riƙe zaren labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikinsa. Idan aka zo gaɓar da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ƙwaya ta raba gardama. Masu tara waɗannan ƙwayoyi har ruwan gishiri suke haɗawa su saka ta ciki, su ga ko wata fuska ɗaya ce kullum ke tasowa sama, domin su gane mai ha'inci daga mai gaskiya.

Wanda ya ji wannan labari a Tasawa ko a Mayahi zai iya yin dariya ya ce aikin mai ƙoshi ne. To, amma dariyar ta kamata ta tsaya a maƙogwaro, domin waɗancan mutane suna adana kayan wasansu, suna rubuta tarihinsu, suna koya wa ƴaƴansu lissafi da su, alhali a nan ana zubar da abin da ya fi nasu tsufa ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ƙungiyar al'adu za ta samu ɗan tallafi, ta aika kasuwar Maraɗi a sayo mata allunan ludo da ƙwayoyin roba, ta jera su a gidan matasa, sannan ta rubuta a rahotonta cewa ta raya wasanni. Dattijon da ya san dara tun daga shuka har zuwa ci yana zaune a inuwar bedi, taku kaɗan daga ƙofar, ba wanda ya tambaye shi komai.

Abin mamakin shi ne, shi kansa ludo ɗin jikan wuri ne. Asalinsa wasan pachisi ne na ƙasar Indiya, wanda ake jefa wuri shida ko bakwai a ƙidaya waɗanda suka faɗi baki sama. Turawan Ingila suka ɗauke shi, suka cire wurin suka sa ƙwaya mai fuska 6, aka yi masa rajista da sunan ludo a 1896. Ke nan wanda ya raina wuri ya rungumi ɗan ludo, ya ƙi uwa ne ya bi ɗiya.

Kuma babu garin da ya fi Tasawa cancantar tuna wannan. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Tasawa kan hanyarsa daga Abzin zuwa Katsina da Kano, kuma a nan ne ya ga ana ƙidayar wuri 500,000 da hannu, aikin da ya kwatanta a littafin tafiyarsa a matsayin mafi gajiyarwa a cinikin wannan ƙasa. Wurin nan daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya fito, ya ratso teku da daji kafin ya iso kasuwannin Hausa. Da shi aka yi sadaki, da shi aka biya haraji, da shi aka sayi gishiri da kanwa. Harshen kansa shaida ne: kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, zangu ɗari ne, zambar dubu, keso kuwa buhun da ke cin 20,000. Da tsabar Faransa ta ture shi daga kasuwa a farkon ƙarni na 20, wuri bai mutu ba. Ya koma jikin ado, da kayan ƴan bori, da hannun masu duba, da tabarmar ƴan caca. Daga wannan masauki na ƙarshe ne ya kwaso baƙin jinin da ke bin sa har yau.

A nan ne masu adawa ke da hujja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Alƙur'ani ya haramta caca a fili a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Hadisin da ya yi hani ga wasan nardi yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin ƙasar nan ya sani, ta bi wannan hanya. Caca ta cinye gonaki, ta raba aure, ta mayar da magidanta abin tausayi. Malamin lakwal da ya shigo da tabarmar caca cikin aji ya ci amanar iyaye, babu ja a kan wannan.

Sai dai akwai abubuwa uku da ake cuɗawa wuri guda, ko dai da gangan ko kuwa don ƙyuya. Na farko, dara babu sa'a a cikinta ko kaɗan. Gurabu 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da kara, wancan da tsakuwa. A shuka ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa gurbi zuwa gurbi. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Ba a jefa komai, ba a jiran komai daga sama sai abin da ƙwaƙwalwa ta haifa. Wanda ya kira wannan caca bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Na biyu, jefa abu don raba gardama ba shi ne cin dukiyar wani ba: ƙuri'a tana cikin sunna, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Na uku, ajiye abu a cikin akwati da rubuta tarihinsa ba wasa da shi ba ne. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana ajiye da takubba da masu, ba a taɓa zarginsa da tayar da yaƙi ba. Hukuncin wasa da ƙwaya don nishaɗi na malaman addini ne, su za su faɗa. Amma hukuncin ko yaro ya san da me kakansa ya yi lissafi, wannan yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, kuma sun yi sakaci da shi.

Ga ma wani abu da mai tsoron caca ya kamata ya fi kowa maraba da shi. Ilimin lissafin yiwuwa, wanda ake koyarwa a lise, ya ginu ne a kan wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a 1654 game da wata matsalar rabon kuɗin wasa. Wannan ilimi shi ne babban maƙiyin caca, domin shi ke nuna wa mutum da alƙaluma cewa mai riƙe da tabarma ba ya faɗuwa. Yaron da ya ƙidaya da hannunsa cewa ƙwayoyi biyu masu fuska 6 suna faɗuwa ta hanyoyi 36, kuma shida-biyu hanya ɗaya tak gare ta a ciki, da wuya wani ya ruɗe shi da zancen hannu mai zafi. A wannan zamani da cacar ƙwallo ta shiga cikin wayar salula, rigakafin nan ya fi wa'azin bayan sallar isha saurin kama yaro ɗan shekara 14.

A wajen koyar da wannan darasi kuwa wuri ya fi ɗan ludo, kuma dalilin mai sauƙi ne. Ɗan ludo an riga an ƙera shi daidai, yaro sai dai ya yarda da abin da littafi ya faɗa. Wuri ba haka yake ba: yana da baki, yana da baya, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma wanda aka yanke wa baya ba ya faɗuwa kamar wanda aka bari da tudunsa. Wuri huɗu suna da hanyoyin faɗuwa 16: hanya ɗaya duka baki, huɗu masu baki uku, shida masu biyu-biyu, huɗu masu baki ɗaya, hanya ɗaya duka baya. Da gefen biyu nauyinsu ɗaya ne, da lissafin ya ƙare nan. Tunda ba ɗaya ba ne, dole ajin ya jefa sau ɗari, ya rubuta, ya sake jefawa, ya kwatanta abin da ya gani da abin da ya zata. Wannan shi ne aikin masu bincike na gaskiya, kuma ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta. Claudia Zaslavsky ta nuna tun 1973, a littafinta Africa Counts, irin lissafin da ke kwance cikin ƙidayar wuri da wasannin Afirka. Fiye da shekaru 50 ke nan, har yanzu yaron Urafan ko na Kanambakashe yana koyon yiwuwa da misalin katin belot da bai san sunayen ƴaƴansa ba.

Haka zancen yake game da ɗaukar matsayin wani a cikin labari. Ƙasar da ke da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da tashe a watan azumi, da wasan kara inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ba ta buƙatar a zo daga Amurka a koya mata shiga rigar wani. Abin da waɗancan suka ƙara kawai shi ne ƙa'ida rubutacciya da ƙwayar raba gardama. Malamin tarihi a Tasawa yana iya raba ajinsa gida-gida: wannan madugu, wancan jagaba, wannan fatomar zango, ayari ya tashi daga Agadas ya nufi Kano. Za a sami ruwa a rijiyar gaba? A jefa wuri. Nawa za a biya fito? A ƙidaya da zangu da zambar. Cikin awa guda an yi tarihi, an yi labarin ƙasa, an yi lissafi, an kuma yi Hausa.

Saboda haka tarawar da ake kira gare ta ba ta jera kayan ado ba ce. Kowane gidan matasa da al'adu, a Tasawa da Mayahi, ya kamata ya buɗe akwati guda da littafi guda. A zaɓi wuri mai baya da mai yankakken baya, a ware su dabam. A tara ƴaƴan dara na kara da na tsakuwa, da duk abin da yaran gulbin Kaba ke wasa da shi, daga ƙwallon goriba har zuwa duwatsun carabke na ƴan mata. Kowane abu a rubuta sunansa yadda masu shi ke faɗa, da ƙauyen da ya fito, da shekarar da aka karɓa, da ƙa'idar wasan daga bakin wanda ya iya, domin darar Korgom ba lalle ta zo daidai da ta Isawan ba, kuma wannan bambancin shi ne dukiyar. Abin da aka ajiye ba tare da ƙa'idarsa ba tarkace ne. Ɗan ludo ma a ba shi gurbinsa a cikin akwatin, kusa da wuri, tare da bayanin wanda ya haifi wani.

Ba za a ce aikin ya gagara ba, domin an ga misalinsa. Kokowa a da wasan dandali ce bayan girbi. Da hukuma ta kafa mata gasar takobi a Tawa a 1975, sai ta zama abin da ke tsayar da ƙasa cik. Makarantun gwaji na harshen gida sun fara a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, harshe ba ya rayuwa da doka kaɗai. Yana rayuwa ne da abubuwan da ake faɗa da shi. Ranar da babu sauran mai haƙa gurbi a rairayi, karin maganar nan ta dara ta ci gida za ta koma kalmomin da sai an yi wa yaro fassararsu da Faransanci.

Masu dara na gaske tsofaffi ne, kuma kowace damina tana tafiya da wasunsu. Ƙungiyar da ta jira sai an turo mata aiki da kuɗi daga Yamai za ta iske inuwar bedin babu kowa. Akwati, da littafin rubutu mai shafi 100, da yammacin Laraba guda a gaban dattijo, shi ne dukan jarin da ake nema. Wanda ya kasa wannan, to ya daina kiran kansa mai raya al'ada, ya ce shi mai ajiyar allon ludo ne.